Daga Mita 49 Zuwa Memori: Tarihin Rediyon Mota A Hannun Bahaushen Legas

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san cewa idan Bahaushe ya sayi mota, kafin ya nemi mai fenti ko mai ɗinkin kujera, wurin mai rediyo yake fara zuwa. Na ga haka a Agege, na gani a Idi-Araba, na gani a Mile 12 da Alaba Rago. Maƙwabtanmu sukan ɗauka son kiɗa ne kawai, irin na direbobin danfo. Ni kuwa da na shekara sama da 30 a garin nan, na kuma sauya rediyon mota ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na fahimci abin ya wuce haka. Rediyon da kamfani ya saka wa mota an ƙera shi ne domin wani mutum da ke zaune a Jamus ko Japan ko Amurka, wanda tashoshin garinsu ke zagaye da shi. Mu kuwa muryar da muke son ji tana can nisan kilomita kusan dubu, kuma kamfanin da ya ƙera motar bai san da zamanmu ba. To tarihin yadda muka riƙa cike wannan giɓi shi nake so mu ɗan tattauna a kai yau.

Amma bari mu fara daga tushe, domin mai karatu ya san cewa sauya rediyon mota ya girmi rediyon kamfani. A farkon lamari mota ba ta zuwa da rediyo sam. A shekarar 1930 ne wasu 'yan'uwa biyu a birnin Chicago na Amurka, Paul Galvin da Joseph Galvin, suka fito da rediyon mota na farko da ya samu kasuwa sosai, suka raɗa masa suna Motorola. Eh, wannan Motorola ɗin dai da muka sani da wayar hannu. Kuɗinsa ya haura dala 100 a lokacin da ake samun sabuwar Ford a kan kimanin dala 500. Saka shi ma aiki ne ja, sai an kwance gaban mota, a wasu motocin har rufi ake farkewa a shimfiɗa eriya. Babbar matsalarsu ita ce ƙarar da fulogogi ke jefawa cikin rediyo idan inji na aiki, wato wannan kukan da ke tashi yana sauka tare da totur, wanda har yau za ka ji shi a motar da aka yi wa wayarin na ganganci. A Turai kuma kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa a 1932. Shi ne kuma ya kawo na FM a 1952, sannan a 1953 kamfanin Becker ya fito da samfurin da ya kira Mexico, mai laluben tasha da kansa. Mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye biyu, Blaupunkt da Becker, za mu dawo kansu.

Kaset kuwa kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya gabatar da shi a 1963. Amurkawa sun ɗan yi yayin wani ƙaton kaset da ake kira 8-track, wanda Ford ya fara sakawa a motocinsa a 1965, amma bai yi tsawon rai ba. Ƙaramin kaset ɗin Philips shi ya ci kasuwa, kuma shi ne ya iso mana.

A nan gida Nijeriya, shekarun 1970 su ne lokacin da mota ta fara shiga hannun matsakaicin ma'aikaci da ɗan kasuwa. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin mai ya shigo, ga kuma ƙarin albashin Udoji wanda dattawa ke ba da labarinsa har gobe. A 1975 kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, shi kuma Volkswagen ya buɗe nasa a nan Legas, kan hanyar Badagry, yana fitar da 'yar ƙurƙurar nan da Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru. Fijo 504 ita ce motar zamanin. Ita ce ta gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta alhazai. A cikinta na fara sanin rediyon mota, domin kawuna da ya kawo ni Legas yana da wagon, wadda ke kai shi Arewa ta dawo da shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Muryar Arewa a wancan lokaci ita ce Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, daga baya a 1978 ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Can ake Zaɓi Sonka, can ake Jakar Magori, can Samanja ke wasansa, can ake jin tafsirin azumi da sanarwar ganin wata. A wancan lokaci shirye-shiryen Hausa na wannan gida suna fita ta hanya biyu, a matsakaicin zango kan kilohaz 594, da kuma gajeren zango kan kilohaz 6090, wato mita 49. Matsakaicin zango da rana ba ya wuce 'yan ɗaruruwan kilomita, sai dare ya yi yake miƙewa, shi ma yana zuwa yana ɗaukewa. Gajeren zango ne ke tashi sama ya daki wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa mai gadi a Apapa da ɗan akwatin rediyonsa mai batir biyu ke jin Kaduna kamar yana Tudun Wada. Ta wannan hanya ce kuma ake kama BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, da Jamus da ta fara a 1963, da Muryar Amurka da ta biyo baya a 1979.

To yawancin rediyon mota ba shi da gajeren zango. Ka ga ke nan mai gadi ya fi mai mota. Alhaji na zaune cikin motar da ya saya da dubban naira, amma idan lokacin labaran BBC ya yi yana cikin gosulo a Ikorodu Road, sai dai ya zaro ƙaramin akwati daga ƙarƙashin kujera, ya zuge gilashi, ya leƙar da eriya waje. Jikin mota ƙarfe ne, yana tare sigina, ga kuma ƙarar fulogi. Na sha ganin yaron mota riƙe da rediyo ta taga kamar mai tallan kifi, ana tafiya ana ce masa ɗan karkata haka. FM kuwa da ta fara a Legas a 1977 da Radio Nigeria 2, ba ta magance komai ba a wajenmu, domin FM iyakarta inda hasumiyar tasha ke hange, kuma abin da ake sakawa ba namu ba ne.

Abin da ya fara ceto mu kaset ne. Wannan shi ne sauyi na farko da Bahaushen kudu ya yi wa motarsa: a cire rediyon kamfani a saka mai kaset, ko kuma a bar shi a wurinsa a ɗaure rakoda a ƙarƙashin gaban mota da ƙarafa biyu da noti. Sunayen da ake ji a bakin masu sayarwa su ne Pioneer, Clarion, Sanyo, Roadstar, daga baya Kenwood da Sony. Wanda yake da hali ya sayi mai juya kaset da kansa, wanda ba shi da hali ya riƙa cirewa yana juyawa duk bayan rabin awa ko minti 45, gwargwadon kaset ɗin C60 ne ko C90. Duk wanda zai taho daga gida ana ba shi saƙon kaset kamar yadda ake ba shi saƙon kilishi da daddawa. Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Haruna Uji, Barmani Choge, ga kasusuwan karatun Alƙur'ani na Masarawa da na tafsirin Malam Abubakar Gumi. Wasu asali daga faifan garmaho aka kwafo su, wasu an ɗauka ne a wurin biki da ihun jama'a da komai. Har ma akwai waɗanda ake ɗauka kai tsaye daga rediyo, mutum ya zauna a Zariya ya naɗi Zaɓi Sonka na mako guda ya aiko wa ɗan'uwansa a Legas, a saurara bayan sati biyu kamar sabo.

Ina ganin wanda bai yi tafiyar Legas zuwa Kano a mota a wancan zamani ba, da wuya ya gane darajar kaset. Ka bar Agege da asuba, ka bi Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ka tsallake gadar Jebba, ka kama Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, kafin ka ga fitilun Kaduna. Tun kafin Ibadan tashoshin Legas sun ɗauke. Daga nan sai shuuu. Direba na buƙatar abin da zai hana shi gyangyaɗi, kuma kalangun Shata ya hana direbobi da yawa barci a kan wannan hanya, Allah Ya jiƙansa. Ya rasu a 1999, amma har yau ban shiga motar haya mai zuwa Arewa na rasa muryarsa ba. Kaset yana da nasa halin. Rana ta narkar da shi idan an manta shi a gaban gilashi, rakoda ta tauna zaren, a tsaya a zaro shi a hankali, a naɗe da biro, inda ya tsinke a liƙe da ɗan salatif. Kan rakoda kuma a goge shi da auduga da sifirit, in ba sifirit a sa turare. Amma yana jure ramuka da ƙura, ya kuma ci gaba daga inda aka tsaya, abin da faifan CD ya kasa yi mana daga baya.

Sai aka shiga 1986, gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mutane. Nan kasuwar gwanjon motoci daga Turai ta buɗe, waɗanda a nan ake kira tokunbo, mu kuma mu ce 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, saboda da yawansu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake loda su, a sauke a Kwatano, a shigo da su ta kan iyaka. Tare da motocin sai ga kayan gyaransu, kasuwar Ladipo a Mushin ta cika da injina da ƙofofi da fitilu, da kuma rediyoyi jibge kamar doya.

A cikin wannan jibgi ne mutanenmu suka gano wani abu. Tsofaffin rediyoyin Jamus, Blaupunkt da Becker, irin waɗanda ke zuwa a Marsandi, da yawansu suna da maɓallai masu haruffa L, M, K, U. Wannan K ɗin a Jamusanci gajeren zango yake nufi, kuma a yawancinsu zango ɗaya ne tak aka saka, mita 49. Dalili shi ne a wancan lokaci a Turai akwai tashoshi da dama a wannan mita, ciki har da Rediyon Luxembourg da Jamusawa ke so, wanda ke watsa shirye-shiryensa a kan kilohaz 6090. Mai karatu ya koma sama ya duba lambar Kaduna. Ita ce dai, 6090. Wato Bajamushe ya ƙera rediyo domin ya ji kiɗan Luxembourg a kan hanyar Kolon, bayan shekaru rediyon ya tsallako teku ya faɗo hannun mai sayar da goro a Agege, ya danna K, sai ga Kaduna. Ikon Allah ke nan. Na san mutanen da ke cire sabon rediyo mai fitilu su saka tsohon Becker mai allura saboda wannan harafi ɗaya, masu sayarwa kuma da suka lura Hausawa na tambayar mai K, sai suka ƙara masa kuɗi. Ɗan kasuwar Ladipo ba a koya masa kasuwa.

Abin da ya sa wannan musanya ta yi sauƙi shi ne Jamusawa sun tsayar da girman ramin rediyo, faɗi milimita 180, tsawo milimita 50, ma'aunin da ake kira DIN, wanda a 1984 ya zama na duniya. Saboda haka rediyon Marsandi na shiga ramin Golf, na Golf na shiga Opel. Daga baya aka samu mai ninki biyu, milimita 180 da 100, wanda motocin Japan suka fi so. Sai dai sauƙin sakawa shi ne sauƙin cirewa, kuma ɓarayi sun fi kowa sanin haka. Shekarun 1990 a Legas, ka ajiye mota ka shiga masallaci ko banki, ka fito ka tarar da gilashi a ƙasa da rami a gaban mota. Shi ya sa aka yi yayin rediyon da ake zarewa gaba ɗaya, mai mariƙi kamar jaka, ka ga babban mutum da babbar riga yana shiga ofis riƙe da rediyon motarsa. Sannan aka koma wanda fuskarsa kawai ake cirewa a sa a aljihu. Kamfanoni kuma suka kawo lambar sirri, da zarar an cire batir rediyo ya kulle sai an danna lamba. Wannan dabara ba ta hana ɓarawon Legas komai ba, mu masu sayen gwanjo ta dama, domin mota ta yi makonni a jirgi batir ya mutu, takardar da lambar ke ciki kuma tana can a aljihun wani tsoho a Turai. Rediyoyi masu kyau da yawa an jefar da su a kan wannan dalili kaɗai.

Akwai wani ƙaramin abu da ya wahalar da masu Golf da Passat da Opel, bari in faɗe shi don har yanzu yana faruwa. Rediyon mota na shan wuta ta waya biyu. Ɗaya, wadda a rediyon kasuwa yawanci ruwan ɗorawa ce, tana ɗauke da wuta kullum don rediyo ya riƙe tashoshi da agogo. Ɗayar, ja, sai an murɗa makulli take kawo wuta. A waɗannan motoci an musanya gurbin wayoyin biyu a jikin soket. Idan aka jona kai tsaye, duk lokacin da ka kashe mota sai rediyo ya manta komai. Wasu yaran masu wayarin maganin da suke yi shi ne su haɗe wayoyin biyu a kan wuta mai zama kullum, su naɗe da leda, kai kuma bayan kwana uku ka tashi da safe mota ta ƙi tashi, ka je ka zagi mai batir alhali ba ruwansa. Gyaran bai wuce a musanya wayoyin ba.

A ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 abubuwa biyu suka sauya lokaci guda. Na farko, abin sauraro ya ƙaru. Finafinan Kano sun kankama, fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa waƙoƙin fim kansu haja ne, ana sayar da kasusuwansu daban a Ƙofar Wambai da Bata, su iso Legas cikin kwanaki. Kasusuwan tafsirin Malam Ja'afar Mahmud Adam suka shiga kusan kowace mota. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, amma duk FM ne, ta Kano ba ta isowa nan. Abin da muke samu a FM ta Legas a lokacin shi ne 'yan sa'o'in Hausa a tashar Bond ta Rediyon Tarayya.

Na biyu, motocin kansu suka sauya asali. Gwanjon Amurka ya rinjayi na Turai, Camry da Corolla da Honda suka cika titi, da sunayen da 'yan Legas suka raɗa musu, irin su Baby Boy da End of Discussion. Rediyon Amurka ba shi da gajeren zango ko na magani. Matsakaicin zangonsa kuma tsalle yake da goma-goma, daga 590 sai 600, alhali mu a nan da tara-tara aka jera tashoshi. Ka ga 594 ta Kaduna ta faɗa tsakani, ko da dare sai dai ka ji ta a dishe. Wanda ya samu motar da aka yi wa kasuwar cikin Japan kuma, FM ɗinsa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, kusan duk tashoshin Legas suna sama da haka, sai an ƙara masa wata 'yar na'ura a kan wayar eriya. Ga shi kuma motoci irin End of Discussion an haɗe rediyo da maɓallan iyakwandishan a allo ɗaya, ba ka isa ka zare shi ka saka Becker ba. Zamanin K ya wuce ke nan.

Faifan CD, wanda Pioneer ya fara kawo na mota a 1984, bai kama mu sosai ba sai a wannan lokaci, kuma gaskiya ni ban taɓa ƙaunarsa a mota ba. Kowane rami sai ya yi tsalle, ƙura ta rufe idon na'urar, faifan da aka kwafa a Alaba kuma bayan wata ɗaya ya kankare. Alherinsa ɗaya ne, da aka samu masu karanta MP3 sai faifai guda ya ɗauki abin da kaset goma ba su ɗauka ba, tafsirin wata guda ya shiga faifai biyu ko uku. Kaset ya daɗe bai mutu ba. A Amurka ma mota ta ƙarshe da ta fito daga kamfani da rakodar kaset ita ce Lexus SC430 ta 2010.

Abin da ya kashe kaset da CD duka wayar hannu ce, wadda ta shigo a 2001, da ɗan katin memori da ya biyo bayanta. Nan sai sauyin ya zama mai araha ƙwarai. Wani ɗan abu da ake kira modileta, a cusa shi a ramin kunna sigari, a saka masa memori ko filashi, shi kuma ya watsa sautin a FM zuwa rediyon motar. Ba kwance komai, ba yanke waya. Masu rumfar cajin waya a Agege da Mile 12 suka ƙara sana'ar turi, ka ba da memori a cika maka da Shata, da Nura M. Inuwa, da Ala, da karatu, kowanne da jakarsa. Matsalar modileta a Legas ita ce tashoshi sun yi yawa, da wuya ka samu gurbin da ba kowa, kana cikin sauraron Ɗanƙwairo sai wani fasto ya kutso.

Ban ce komai a kan sifika ba, alhali rabin aikin a nan yake. Sifikar kamfani yawanci takarda ce da ƙaramin maganaɗisu, bakinta zagaye da soso. Motar da ta shekara 15 kafin ta zo, ta kuma haɗu da zafi da laimar Legas, sosonta ya riga ya ruɓe, shi ya sa ake jin karkarwa idan ganga ta buga. Mutane da yawa suna sauya rediyo alhali sifika ce ta mutu. Direbobin danfo maganinsu akwatin katako ne a ƙarƙashin kujera, a ƙure fuji har haƙarƙari na girgiza. Matasa kuma su cika but da ƙatuwar sifika da amfilifaya. Buƙatarmu daban take. Kalangu da kotso da kukuma da muryar malami duk a tsakiyar sauti suke, abin da ake so shi ne kalma ta fito tas, domin waƙar Hausa magana ce, idan ba ka ji abin da Shata ya faɗa ba ba ka ji komai ba. Saboda haka sifika biyu masu kyau a ƙofofin gaba, galibi inci shida da rabi, da ƙananan nan na sama kusa da gilashi, sun fi mana amfani a kan ƙatuwar da ke but. Na baya masu siffar ƙwai, inci 6 da 9, ƙari ne don fasinja.

Kuma kada lambobin jikin kwali su ruɗi mai karatu. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau 4, abin da yake iya bayarwa a tsaye ba tare da sauti ya ɓaci ba bai wuce wat 18 zuwa 22 ga kowace sifika ba, domin wutar mota bolt 12 zuwa 14 ce, sifikar mota kuma yawanci om 4 ce, lissafin ba ya wuce nan. Sifikar da aka rubuta wa wat 1000 da manyan haruffa, ƙaramin rubutun RMS za a duba. Wani abin lura kuma, motocin da suka zo da JBL, irin wasu Toyota, ko Bose, irin wasu Nissan da Mazda, suna da amfilifaya a ɓoye, kuma sifikunsu sau da yawa ba om 4 ba ne. An taɓa lalata mini irin wannan a wata Camry. Yaron da aka ba aikin ya datse soket ɗin kamfani da almakashi tun kafin in dawo daga salla, ya jona wayoyi yadda ya ga dama, sifikun baya suka yi shiru, fis ya riƙa ƙonewa. Soket ɗin da ake sayarwa don jona sabon rediyo ba tare da yanka ba, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe wajen gyara ɓarnar ba. Tun daga nan sharaɗina da duk mai rediyo ɗaya ne, ya ajiye almakashi.

Yau kuma zamanin allo ne. Apple ya fito da CarPlay a 2014, Google ya biyo da Android Auto a 2015, 'yan China kuma suka cika kasuwa da allunan Android da aka ƙera daidai gaban kowace mota, har da End of Discussion da ta gagare mu a da, ga kyamarar baya ga taswira. A karo na farko tun da Bahaushe ya fara tuƙi a Legas, yana iya jin Freedom ta Kano ko BBC kai tsaye cikin gosulon gadar Third Mainland, ta intanet, murya tas ba shuuu. Na saka irinsa a motata, kuma ba zan ɓoye ba, ranar farko da na ji sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa daga Kano ina Oshodi, sai da na rage gudu. Masu araha daga cikinsu suna da nasu aibin, jinkirin tashi, da daskarewa idan rana ta buga, kuma rediyon FM ɗinsu bai kai na kamfani kama tasha ba, don haka mai saye ya tambayi girman ƙwaƙwalwar allon kafin ya tambayi girman fuskarsa. Ni dai da aka zo saka nawa na ce a fito mini da wayar filashi cikin aljihun gaban mota, domin har yanzu idan ka wuce Mokwa akwai dogayen wurare da sabis ke ɗaukewa, kuma a filashin nan akwai kasusuwan kawuna guda 40 da na sa aka juye mini su kafin zarensu ya gama lalacewa.